Tsofaffin Kaya a Gindin Gadar Anacha

Motar da ta taso daga Kano da yamma, ta bi Zariya da Kaduna da Abuja, sau biyu take tsallake kogin Kwara kafin ta kai Anacha. Na farko a Jamata, kusa da Lakwaja, cikin dare, fasinja na gyangyaɗi. Na biyu bayan ta ratsa Okene da Auchi da Agbor ta iso Asaba, gari ya waye, kowa idonsa biyu. Gadar da ke nan kamfanin Dumez na Faransa ne ya gina ta, aka buɗe ta a ƙarshen 1965. Tsawonta ya kusa kilomita ɗaya da rabi, ƙarafa a sarƙe dama da hagu da sama, in tirela ta gifta sai ka ji ƙasan motarku na karkarwa. An yi mata ƙanwa daga kudu, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023 da sunan Muhammadu Buhari, amma ita kewaye gari take yi. Mai zuwa kasuwa tsohuwar yake bi, kuma inda ta dire shi nan ne Head Bridge.

Magani aka fi sanin wurin da shi. Nan Ogbo Ogwu take, kasuwar da 'yan kemis na jihohi da yawa ke sari, wadda hukumar NAFDAC ta garƙame a 2007 zamanin Dora Akunyili, ta kuma sake garƙamewa a 2025. Gefenta masu katako ne da masu famfo da kayan gini. Can kuma inda ƙamshin albasa ya gauraya da warin awaki, mutanenmu ne: masu sauke buhuna daga Aliero da Sakkwato, masu attaruhu, masu raguna, mai shayi da tulin burodinsa, mai yankan farce, ɗan canji da jakarsa a hammata. Ni tsofaffin kaya suka kawo ni, tufafi da littattafai da tarkacen 'yan koli, don an ce abin da babu a Anacha ba a ƙera shi ba tukuna. Abu na farko da aka faɗa mini a masauki shi ne kada in shirya komai ranar Litinin. A lokacin, tun bayan Agustan 2021 da aka fara zaman gida na Litinin a yankin, baƙo ya kan tambaya kafin ya sa ƙafa waje a wannan rana.

Ranar fasa dila ba a jiran hantsi. Wani saurayi mutumin ƙasar Gumel, mai sarin rigunan sanyi, shi ya yi mini jagora bayan sallar asuba, muka hau keke napep zuwa layukan gwanjo da ke wajen babbar kasuwa. Dila tana zuwa a matse, inji ya danne ta an ɗaure da maɗaurin ƙarfe, yawanci kilo 45 ko 55. Mai kayan, wata mata ƙaƙƙarfa da ɗan tawul a kafaɗa, ta sa almakashin ƙarfe ta datse maɗaurin ɗaya bayan ɗaya. Dilar ta saki jiki ta kumbura, warin nan na gwanjo da kowa ya sani ya tashi, maganin da ake fesa wa kaya kafin a zuba su a jirgi. Babu wanda ya miƙa hannu. Akwai tsari. Masu shagunan gilashi, waɗanda suka saba da ita kuma suka fi biya, su ke zaɓen farko. Abin da suka ɗauka za a wanke shi, a goge, a rataye, mai saye ba zai taɓa jin sunan dila ba. Bayansu sai 'yan tebur. Abin da ya rage a juye shi kan tamfol, yaro ya ɗauki ƙararrawa yana kaɗawa, mata su duƙa suna tona, farashi kuma ya yi ta sauka har la'asar. Ita kanta mai kayan ba ta san abin da ta saya ba sai a wannan lokaci. Na ga fuskarta ta canza da ta ga riguna masu tabo sun fito a jere. Caca ce tsagwaronta, sai dai ta halal.

Abokin tafiyata bai damu da zaɓen farko ba. Jira yake a zo kan manyan kwat-kwat masu gashi a wuya da suwaita masu kauri, waɗanda a zafin Anacha mai danshi ba mai ko kallonsu.

"Malam, waɗannan a nan kaya ne a kanta," ya ce. "A Hadeja kuwa, bari hunturu ya shigo. 'Yan acaɓa da masu gadi har rububi suke."

Tun damina yake tara su, ya ɗura a buhu, ya bai wa direbobin da suka sauke albasa za su koma wayam. Rigar da aka ɗinka don dusar ƙanƙarar Jamus ko Kanada, sai ta ratsa teku ta kwana a bakin Kwara kafin ta sami jikin da ke bukatarta.

A takarda, shigo da gwanjo Najeriya haramun ne. Yana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana tun shekarun 1970. Don haka jiragen ke sauke shi a Kwatano da Lome, ya shigo ta ƙasa. Ibo 'yan garin Abiriba na jihar Abiya sun daɗe da riƙe wannan fatauci, Aba ce cibiyarsu, kuma a duk kudu okrika ake kiran kayan, sunan wani gari na bakin ruwa kusa da Fatakwal. Mu a arewa muna da tamu hanyar: daga Kwatano a haura Gaya, a bi Maraɗi, a shigo ta Jibiya har Ƙofar Wambai. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, waccan hanya ta ƙara tsawo da tsada, faɗuwar naira kuma ta hau kan kowa.

Mai neman tsohuwar riga ta gaske, ba kwancen bara ba, wuya yake juyawa ya karanta tambari. Na ci karo da kwat ɗin ulu mai nauyi, shafinta na ciki ko zare bai tashi ba, tambarinta ya ce a Jamus ta Yamma aka yi ta. Ita kuwa ta haɗe da 'yar'uwarta tun 1990, ke nan rigar ta girmi yaron da ke kaɗa ƙararrawa. Haka in ka ga Yugoslabiya ko Cekoslobakiya. Sai ka duba maɓalli, ka ja zik ka ji ko na ƙarfe ne, ka ɗaga yadin a rana. Irin waɗannan suna ƙaranci. Yawancin abin da ke fitowa a dila yanzu riguna ne marasa nauyi da aka yi don a sa sau kaɗan a yar, ga kuma dilolin Sin da suka cika kasuwa. Masu sayarwa ba su raba tsoho mai daraja da tsoho kawai. Kwat ɗin nan kuɗinta ɗaya da wata ta roba da ke kusa da ita. A Landan ko Tokyo akwai shagunan da ba su da sana'a sai tsince irinta.

Abin da ban gani ba ko sau ɗaya shi ne tsohon yadinmu. Masaƙar KTL ta Kaduna ta yi aiki daga 1957 zuwa 2002, ga masaƙar Asaba a tsallaken ruwa, ga General Cotton Mill a Anacha kanta, amma atamfarsu ba ta cikin tulin kowa. Namu tufafin ba sa shiga dila. Zani ya kan bi hannun dillaliya gida-gida, ko a ba ƙanwa, ƙanwa ta ba 'yar aiki, ya koma goyo, ya ƙare a tsumma. Babbar riga kuwa sai a rabon gado.

Littattafai su suka fi ja na zuwa garin nan, su kuma suka fi ba ni wahala.

Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa 1966, Anacha ta yi wani abin mamaki. Ƙananan maɗaba'u da ke kewaye da kasuwa suka riƙa fitar da 'yan ƙasidu masu arha cikin Ingilishi, na soyayya, na koyon rubuta wasiƙa, na gargaɗi ga saurayin da ya shigo birni da 'yan kuɗinsa, har da wasannin kwaikwayo a kan Lumumba. Malaman firamare da akawuna da ɗalibai ke rubutawa, 'yan kasuwa su buga, yaran shago da direbobi su saya. Cikin na farko-farko akwai When Love Whispers na Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, marubucin The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass. Wanda ya fi tashe shi ne Veronica My Daughter na Ogali A. Ogali, na 1956. Duk wanda ya san rigimar da aka yi a jaridu a shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafanmu na soyayya sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu, to daga wannan kasuwa aka aro sunan.

Na bi layin masu littattafai ina tambaya. Tsofaffin littattafai kam akwai su jibgi: na likitanci da injiniya da ɗaliban Amurka suka gama da su, Baibul iri-iri, littattafan yadda ake yin arziki, James Hadley Chase da bangonsa ya kusa rabuwa, jerin Pacesetters, da African Writers Series masu ruwan lemo ɗauke da hatimin makarantun da ba a mayar musu ba. Ƙasidun Anacha kuwa, samarin da ke tsaron shaguna ba su ma taɓa jin labarinsu ba. Ɗaya ya ɗauka littafin jarrabawa nake nufi.

Daga ƙarshe aka nuna mini wani dattijo a ƙuryar layi. Da ya ji harshena sai ya ajiye Ingilishi gefe.

"Malam, daga ina? Kano? Ni a Sabon Gari aka yanke mini cibiya."

Hausarsa ta mutanen da ce, babu gauraye. Yana yaro iyayensa suka gudo da shi a 1966, lokacin da aka yi wa Ibo kisan gilla a garuruwan arewa. Na gaya masa abin da nake nema, ya yi dariya har ya dafa tebur.

"Ka makara. Wuta ta ci, gara ta ci, Turawa sun kwashe sauran."

A taƙaice ya faɗi tarihin duka. A Oktoban 1967, lokacin yaƙin basasa, runduna ta biyu ta sojan tarayya ƙarƙashin Murtala Muhammed ta iso Asaba, inda sojojinta suka kashe ɗaruruwan maza fararen hula. Sojojin Biyafara sun riga sun karya gadar, aka yi ta yunƙurin tsallakawa da jiragen ruwa ana asarar rayuka, garin bai faɗi ba sai Maris 1968 da aka zagayo ta ƙasa. Babbar kasuwa ta ƙone, maɗaba'u suka watse. Abin da ya tsira, takarda ce mai arha a garin da iskarsa ma jiƙa kaya take. Yau mai son karanta su cikin natsuwa sai ya nufi ɗakunan karatu na ƙasashen waje, irin na Jami'ar Kansas a Amurka, wadda ta ɗora wasu a intanet.

"Baba, ko ɗaya ba ka ajiye ba?"

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata leda, ya zare ƙasida guda. Ba ta kai kaurin littafin rubutu na ɗan aji ɗaya ba. Ƙusoshin da suka riƙe ta sun yi tsatsa sun ɓata tsakiyar shafi, gara ta huda ta daga bango zuwa bango, hoton wata Baturiya da aka yanko daga mujalla yana gaba. Ya bar ni na buɗe, bai saki gefe ɗaya ba. Na taya, ya girgiza kai. Na ƙara, ya mayar da ita leda. Ban ji haushi ba. Da ni ne ma haka zan yi.

Ga wani abin da tarihi ya ƙulla: Murtalan da rundunarsa ta ci Anacha, ƙanwarsa Balaraba Ramat Yakubu tana cikin manyan marubutan adabin da aka raɗa wa suna daga kasuwar garin, ita ce mai Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne. Kuma namu littattafan hanyar da na Anacha suka bi suke bi, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Shagunan haya da 'yan mata ke aika ƙanne su karɓo na ɗaya da na biyu sun koma sayar da caja da katin waya, labaran sun koma WhatsApp, a 2007 ma an tara waɗanda aka ƙwace a hannun 'yan makaranta an cinna musu wuta a Kano. Wanda ke da bugun farko na In Da So Da Ƙauna a ƙasan akwati, ya duba ko gara ta bar masa.

Zaman mutanen arewa a Anacha ba na jiya ba ne. Fatake Hausawa da Nufawa suna sauka a gaɓar nan da kwale-kwale tun ƙarni na 19, kafin a yi mafarkin gada, kuma sunayen tituna irin su Bida Road da Sokoto Road sun isa shaida. A Inugu ma Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ya fara riƙe muƙamin magajin gari a shekarun 1950. Don haka na sa rai zan tarar da wani abu na da a zango, ko tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gafakarsa, ko hoton wani Sarkin Hausawa na zamanin Turawa. Na tambayi wani dattijo mai dillancin raguna, wanda ya ce tun yana saurayi yake garin.

"Ɗana, wa zai ajiye kayan tarihi a nan? Abin da ba zai shiga jaka ɗaya ba, gida muke aika shi."

Ya tuna mini Fabrairun 2006. An yi kashe-kashe a Maiduguri kan zanen ɓatancin da wata jaridar Denmark ta buga, aka ɗauki fansa a Anacha, aka kashe mutane da dama, aka ƙone masallatai, jama'a suka bi gadar nan da gudu zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja. Da yawa ba su dawo da kwana ba. Har yau akwai masu yini a Anacha su tsallaka Asaba su kwanta. Ɗakin da ya shigar da ni tabarma ce da buta da rediyo da jakar Ghana-must-go a rataye. Ba talauci ba ne. A garinsu, in ji shi, ya gina gida mai shaguna a gaba. Na fito ina ganin garin da baƙinsa duk abu ɗaya ya same su. Tsohon kayan mutanen wata nahiya ga shi nan tuli, ana kaɗa masa ƙararrawa, nasu kuwa gudu da gobara ba su bar shi ya tsufa ba.

'Yan koli suna nan yadda aka san su, faifan kaya a ka ko a baro: kwalli, allura, madubi, carbi, turaren ɗan goma, zobban azurfa da na ƙarya. Kusan duk sababbi ne daga Sin. Ɗayansu ne ya ce in tsoho nake so in daina wahalar da kaina a kasuwa, in je wajen 'yan jari-bola.

Filin yana bayan wasu garejoji, ƙasa baƙa wuluk da baƙin mai. Yara 'yan arewa, wasu ba su kai ashirin ba, suna shigowa da kura ɗaya bayan ɗaya daga unguwannin da suka yini suna zagayawa. Idan tsohuwa ta rasu a Fegge ko Odoakpu, 'ya'ya suka zo daga Legas za su gyara gida, abin da ke ɗakinta nan yake ƙarewa. Na ga dutsen guga na gawayi mai zakara a ka, fitilar ƙwai, kan keken ɗinki Singer, fantekoki masu fure irin na jeren ɗakin iyayenmu, da tulin fayafayen garmaho da rana ta lanƙwasa. A cikinsu akwai masu tambarin Rogers All Stars, kamfanin Anacha da ya fitar da Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga a 1976. Faifai ba ƙarfe ba ne, don haka ba shi da daraja a nan. Yara jifa suke da shi. Komai sikeli ke yanke masa hukunci. Jan ƙarfe ne sarki, sai tagulla, sai alminiyam, baƙin ƙarfe a ƙarshe.

Mai filin ya miƙo mini gwangwanin madara cike da tsabar kuɗi, na juye a kan buhu. Ga kwabo mai huji da anini na Afirka ta Yamma ta Ingila, tauraro mai tsini shida a baya, a gaba kuma ƙimar kuɗin da rubutun Larabci, don Turawa sun san su wa za su karanta. Ga na Tarayyar Najeriya na 1959: taro mai auduga, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwar manja, dala mai gyaɗa, abin da ƙasar ke ci da shi ke nan kafin fetur. Waɗannan na Tarayya sun daina aiki bayan shigowar naira a 1973. A ƙasan gwangwanin, a naɗe, akwai fam ɗaya na Biyafara mai bishiyar kwakwa da fitowar rana, ya yi laushi kamar ganyen da aka dafa. Wannan ya zare shi ya sa a aljihu. Ya ce masu gari suna sayensa da daraja, ba zai haɗa shi da sauran ba.

Na ware kwabo biyu da anini da dala, na tambayi kuɗinsu. Ya ɗora su a sikeli, allura ba ta motsa ba.

"Alhaji, wannan ai ba ciniki ba ne. Ko ka ɗauki gwangwanin duka, ko ka ba yaran nan na shayi."

Na ɗauki gwangwanin, na haɗa da dutsen gugar, shi kuma aka auna shi a kuɗin baƙin ƙarfe. Sauran tulin, da fantekokin da kan Singer, aka ci gaba da watsa su cikin tirelar da za ta kai su kamfanin narka ƙarfe, don direba yana ta danna ham yana cewa so yake ya tsallake gada kafin cunkoson yamma.